Talata a Jos: Turanci daga bakin labaran duniya

Sanyi ya sauko sosai yau, hazo ya rufe gari har wajen ƙarfe takwas. Bayan sallar asuba ban koma barci ba, na haɗa shayi na kunna rediyo na saurari labaran safe da Hausa. Daga nan karatun Turancina yake farawa kullum. Sai na fara jin labari da harshena, na san wa ya yi me, a ina, saboda me, sannan da rana in nemi wannan labarin da Turanci a waya. Idan ka riga ka san maganar tsagaita wuta ake yi ko janye jakada, jimlar Turanci ba ta firgita ka, kalmomi biyu ko uku ne kawai za su tsaya maka, su kuma ka rubuta su a littafi tare da jimlar da ka same su a ciki. Kalmar da na rubuta ita kaɗai ba ta kwana a kaina.

A Farin Gada aiki ya yi yawa da safe, ana ta sauke kabeji da karas da koren wake, ni kuma ina rubuta lissafin buhuna. Sai bayan azahar kasuwa ta lafa na samu na zauna.

Yau ban bi sabon labari ba. Na koma na nemo sanarwar da shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka fitar a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Na zaɓe ta ne don na san abin da ya biyo bayanta, da idona na ga wani ɓangare a kasuwa. Sun ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da shi kan mulki, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da cinikayya, suka riƙe kuɗaɗen Nijar da ke bankunan yankin. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su. A takarda duk wannan ya shige cikin kalma ɗaya, sanctions, takunkumi ke nan. A ƙasa kuwa, motoci ne jere a Illela da Jibiya da Maigatari, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu, direbobi na kwana a gindin taya. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, kuma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar za su fice daga ƙungiyar da aka kafa tun 1975. Ina karantawa raina na ɓaci, don mutanen da abin ya fi shafa ba su taɓa ganin takardar ba, ko sun gan ta ma ba da harshensu aka rubuta ta ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masu rubuta irin waɗannan takardu suke auna magana kamar mai awon hatsi da mudu. Ba sa zuba ta haka kawai. Akwai inda za su ce sun nuna damuwa, akwai inda za su ce sun yi tir, akwai inda za su ce sun buƙaci a yi kaza, akwai kuma inda za su ce sun yanke hukunci. Da can duk ɗaya nake jin su, surutun manya. Yanzu idan na ga concern, wato damuwa, na san ba abin da zai motsa gobe, idan kuwa na ga decide, wato yanke hukunci, to mai mota ya fara tunanin hanyarsa.

Da la'asar na biya gidan Kawu a Anguwan Rogo. Tsohon malamin makaranta ne, kuma har yau bai yarda rana ta faɗi bai ji labaran duniya ba. Na nuna masa littafina, ya gyara tabarau ya duba a hankali.

"Kawu, ku da kuka daɗe kuna bin waɗannan abubuwa, wace takarda ce ta fi nauyi, ta ECOWAS ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya?"

Ya ce, "Ɗan nan, ka fara sanin waye ke magana a cikin Majalisar tukuna."

Ya yi min bayani dalla-dalla. Babban Zaure na da ƙasashe 193, kowace da ƙuri'a ɗaya, amma yawancin ƙudurorinsa shawara ce. Kwamitin Sulhu shi ne mai haƙori. Kujeru 15 ne, biyar na dindindin, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, goma kuma ana zaɓensu na shekara biyu. Ƙuduri na buƙatar ƙuri'a tara, amma ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. Idan kuma aka ambaci Babi na 7 na kundin Majalisar, an shiga fagen takunkumi ko amfani da ƙarfin soja.

Daga nan hira ta koma kan Joseph Garba, ɗan Langtang, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin wajen Najeriya daga 1975 zuwa 1978, ya kuma shugabanci Babban Zauren a 1989. A ƙarshen rayuwarsa nan kusa da mu ya dawo, yana jagorantar cibiyar nazarin manufofi da ke Kuru. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ma ya jagoranci wannan cibiya kafin ya hau kujerar shugaban Babban Zauren a 2019. Na sha wuce mahaɗar Kuru a mota ban taɓa kawo wannan a raina ba. Yau na ji duniyar nan da nake karantawa a waya ba ta yi min nisa kamar da ba.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai har na dawo gida. Afirka na da ƙasashe 54 a Majalisar, rikice-rikicenta ne ke cin babban kaso na zaman Kwamitin Sulhu, amma ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya. Tun 2005 ƙasashen nahiyar suka haɗu a kan matsayar Ezulwini suna neman kujeru biyu masu ikon hawa kujerar na-ƙi, har yau shiru. Ni a ganina wannan rashin adalci ne tsantsa, kuma shi ya ƙara min ƙaimi. Idan a kanmu ake yanke hukunci, ina so in iya karanta hukuncin da kaina, ba sai an taƙaita min ba.

Bayan isha'i na bi kalmomin yau na sake karanta jimlolinsu da ƙarfi, ƙanwata na gefe tana tambayata ma'anarsu, ni kuma ina ƙoƙarin mayar mata da Hausa. Kawu ya ce in nemo ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2349 na shekarar 2017 kan yankin Tafkin Chadi da Boko Haram, in kawo masa mu karanta tare ranar Juma'a bayan masallaci. Na sauke shi a waya, yana da tsawo, zan fara da shafin farko gobe idan an gama sauke motar dankali.