Ranar da 980 ta fi 4200

Juma'ar nan na miƙa makullin ofis, bayan shekara huɗu ina haɗa bayanan gwajin masara a nan Zariya. Wanda zai gaji kujerata, ga abin da ba wanda ya gaya mini.

A shekarata ta farko Oga ya jibgo mini fayilolin CSV (jerin bayanai da waƙafi ke raba su) sama da 60 daga gonakin gwaji, ya ce Litinin yake son ganinsu a rumbu guda. Na roƙi ƙarin kwana biyu in tantance, ya ce ai kwamfuta ba ta kuskure. Na haɗe su da awk, manhajar sarrafa fayilolin rubutu, na buɗe sqlite3, manhajar rumbun bayanai, na buga umarnin shigarwa .import ban ƙirƙiri tebur tukuna ba. Ashe in babu tebur, shi da kansa yake ginawa, ya mai da kowane kwalam TEXT, wato rubutu. Lamba ta koma rubutu ke nan, da alƙalamin farko ake fara auna ta. Sai kilo 980 a hekta ya hau kan 4200, don 9 ta fi 4. Irin da wuta-wuta ta cinye shi ya zo na ɗaya.

Haka Oga ya haska a taro. Wani dattijon ma'aikacin gona, wanda da hannunsa ya auna girbin, ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan irin ko buhu goma bai cika ba.” Ɗaki ya yi tsit. Oga ya nuna ni da biro: “Ga mai kwamfutar can, ku tambaye shi.” A gaban ɗalibai da 'yan bautar ƙasa. Zancen kwana biyun nan bai taso ba, har yau.

Gyaran bai ci minti goma ba: a ƙirƙiri tebur da CREATE TABLE, kwalam ɗin amfani ya zama REAL, wato lamba, a sake shigarwa, a duba nau'insa da typeof.

Sauran kuwa ƙanana ne. In ka haɗa fayiloli da umarnin cat, layin farko na kowane fayil, mai sunayen kwalam, zai shige cikin bayanai, ka cire shi da tail -n +2. Inda ka ga -99 a ruwan Agusta, ba a auna ba ne. Kada ka juya sakamakon sort, umarnin jera bayanai, cikin fayil ɗin da yake karantawa da alamar >, wayam za ka tarar. Ka ajiye kwafi kafin a ɗauke wuta.

Rumbun yana nan yana aiki, takardun bincike uku suka fito daga cikinsa. Na duba har shafin godiya, ban ga sunana ba.