Aladen da muka binne ana jibi Kirsimeti

Tun ina yaro muke kiwon aladu a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kafanchan, amma ban taɓa riƙe wuƙa ba sai shekarar da hannun Kawu ya fara rawa. Ranar Alhamis akan kai dabbobi kasuwar Katsit, mu kuwa muka ware guda ɗaya, ƙato, domin watandar Kirsimeti. Gida shida suka zuba kuɗi.

Kawu ya hana a ba shi dusa tun yamma, ruwa kawai, don hanji ya yi sauƙin wankewa. Da asuba, hunturu na kaɗawa, mu huɗu muka danne shi a bayan gida. A can muke yi kullum, kuma wuƙaƙe da kwanonin wannan aiki daban suke, domin maƙwabtanmu Musulmi suna cin abincin gidanmu ranar biki. Akuyar da za a dafa musu, ɗaya daga cikinsu ne ke zuwa ya yanka.

Ba a feɗe alade kamar rago. Babbaka shi ake yi da busasshiyar ciyawa, a kankare da bayan wuƙa, a wanke har fatar ta yi fes. Da na zo farke ciki, Kawu ya sa ni zura yatsu biyu ƙarƙashin tsinin wuƙar, kaifin yana kallon sama. "A hankali, ɗana. In ka huda hanji ko matsarmama, ka ɓata wa gida shida nama." Gumi nake yi cikin wannan sanyi, amma na fitar da kayan ciki lafiya lau.

Sai ya ce in zaro harshen in tsaga. A ƙarƙashinsa na ga wasu ƙwayoyi farare kamar tsabar shinkafa, kowacce cikin ɗan ƙullin ruwa. Ya yanki cinya, ga su. Ya tsaga zuciya, ga su nan ma. Kawu ya ajiye wuƙa, ya daɗe bai ce uffan ba.

'Ya'yan tsila ne. Alade mai yawo yana cin bayan gidan mutane a bakin jeji, ƙwan tsutsar ya shige shi ya zauna a tsoka. Wanda ya ci naman bai dahu sosai ba, tsila ta girma a cikinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙwan da ke fita daga cikin wannan mutum, in ya shiga bakin wani ta hannu ko ruwa, yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya haddasa farfaɗiya.

Na ce, "Kawu, in an tafasa shi da kyau fa?"

"Wa zai bi gida shida ya tsaya a kan tukunya? Yara fa gasawa za su yi a bakin murhu."

Muka haƙa rami mai zurfi don kada karnuka su tone. Kawu ya sayar da buhun citta ya mayar wa kowa kuɗinsa, wasu da ɓacin rai suka karɓa.

A watan Janairu na gina garke da bulo, ƙasan siminti, na rufe sauran ukun a ciki. Dusa da dusar burkutu nake saya musu yanzu, kuɗi na tafiya, ba na musu. Bara na yanka ɗaya ni kaɗai, Kawu na zaune a kujera yana kallo. Harshen na fara miƙa masa. Ya juya shi sau biyu a hasken tocila, ya ce in ci gaba.