Kwanciyar rub da ciki ga majiyyacin da numfashi ya gagara

Idan ciwon huhu ya yi tsanani, kwanciyar rigingine tana ƙara wa majiyyaci wahala. Mafi yawan huhu ta wajen baya yake, kuma can ne jini ya fi gudana. Da mutum ya miƙe a bayansa, zuciya ta danne huhun hagu, kayan ciki su turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ruwan da ya taru ya sauka ƙasa. Jini na zuwa, iska ba ta shiga. In aka kifa shi, wurin ya buɗe, jini ya tarar da iska, kaki ma ya samu hanyar fitowa.

A 2013 an fitar da sakamakon wani bincike na Faransa da Sifen kan majiyyata 466 da ke kan na'urar numfashi. Cikin waɗanda aka kifa aƙalla awa 16 a jere, kashi 16 cikin ɗari suka rasu a kwana 28; cikin waɗanda aka bari rigingine, kusan kashi 33. A lura da awoyin nan. Kifawar awa biyu a mayar ba ita aka gwada ba.

Juyawar kanta ita ce wurin haɗari, musamman ga mai bututu a maƙogwaro. Mutum biyar ake so: ɗaya a kai, riƙe da bututun, shi kaɗai ke ba da umarni, sai biyu biyu a kowane gefe. Kafin a taɓa shi, a tsayar da abincin da ke bi ta hanci, a zuƙe na ciki, a zuƙe kaki, a karanta lambar bututun daidai leɓe a rubuta. A shafa wa ido magani a rufe shi da filasta, a cire maƙalan awon zuciya daga ƙirji. Sai a ɗora filo uku, a ƙirji, a ƙugu, a ƙwauri, a lulluɓe da zanen gado na biyu, a nannaɗe bakin zannuwan biyu tare har su matse shi. A jawo shi bakin gado, a tayar da shi kan kwiɓi yana fuskantar na'ura, a dakata a duba bututu, sannan a ƙarasa. Maƙalan su koma baya.

Ciki kada ya taɓa filo. Wannan kuskuren yana iya rage amfanin aikin, don matsattsen ciki huhu yake turawa.

Bayan nan sai tsaro. A karkata gadon duka, kai sama ƙafa ƙasa, saboda kumburin fuska da amai. Hannu ɗaya sama kusa da fuska, ɗaya a miƙe gefen jiki, kamar mai iyo. Duk awa biyu a sauya hannun tare da juya kai. Kafaɗa kada ta buɗe fiye da digiri 90, jijiyar hannu na iya lalacewa. A zafin bazarar Maraɗi gumi na jiƙa zane cikin ɗan lokaci, fatar goshi da haɓa da gwiwa ta saɓule ta zama gyambo. Zane busasshe, mara lanƙwasa, yana cikin magani.

Wanda ke cikin hayyacinsa yana shaƙar oksijin, kamar yadda aka yi ta yi lokacin korona, shi ke kifa kansa, ƴan jinya su taimaka da filo, ma'aunin oksijin na yatsarsa. In bayan minti 15 lambar ma'aunin ta faɗi ko numfashi ya ƙara sauri, a zaunar da shi a kira likita. Ba a kifa mai karayar ƙashin baya, ko mai rauni a kai, ko wanda aka buɗe wa ciki ko ƙirji. Jariri kuwa a gida rigingine ake kwantar da shi barci, ko da yana tari.