Mako na bakwai: murfin Akwatin Alkawari ya zauna, alkuki na jiran maƙeri

Salama a gare ku, 'yan'uwa masu koyon wannan aiki. Ƙaramar Alfarwar Sujada da nake haɗa wa 'yan makarantar Lahadi, kwatancin tantin da Isra'ilawa suka yi sujada a ciki a jeji, ta ɗan matsa gaba, kuma na ga ya dace in faɗa muku inda na tsaya, musamman ku da ba ku fara yanka katako ba tukuna.

Ma'aunina dai bai canja ba: kamu 1 a Littafin Fitowa, santimita 4 a teburina. Da haka Akwatin Alkawari, mai kamu 2 da rabi a tsawo, kamu 1 da rabi a faɗi da tsayi, ya fito santimita 10 da 6 da 6. Teburin gurasa 8 da 4 da 6, bagaden turare 4 da 4 da 8. Bagaden tagulla na farfajiya kuwa 20 da 20 da 12, ƙato ne sosai a kusa da sauran. Ku zaɓi ma'auni ɗaya ku riƙe shi, don idan kuka yi kowane kaya da ido, yara ba za su ga wannan bambancin ba.

Akwatin da guntun bagaruwa na yi shi, tunda itacen da Ibraniyawa suka yi aiki da shi a jeji danginta ne. Tana da tauri, sai da na wasa wuƙa sau uku. Zobba huɗun da ake zura sandunan ɗaukar akwatin a ciki na wayar tagulla ne da na samo wurin masu gyaran fanka, sandunan kuma tsinken tsire ne na shafa musu fenti ruwan zinariya. Na ɗiga musu gam a cikin zobban da gangan, domin Fitowa 25:15 ta hana a zare su.

Murfin ne ya ci mini kwana huɗu. Kerubobin nan biyu, halittu masu fikafikai da ke kan murfin, da farko na ɗaga fuskokinsu sama, kamar yadda muka saba gani a zane. Da na koma na sake karanta 25:20 a hankali, sai na ga suna fuskantar juna ne, idanunsu a kan murfin, fikafikansu suna yi masa inuwa. Dole na jiƙa yumɓun na sunkuyar da kawunan. Ina riƙe da ɗaya tsakanin yatsuna sai na tambayi kaina, me suke kallo? Wurin da babban firist yake yayyafa jini ne, sau ɗaya tak a shekara, a Ranar Kafara, kamar yadda Littafin Firistoci sura 16 ta tsara. A ƙarƙashin murfin kuma allunan Doka ne, wadda mutanen suka riga suka karya. Tsawon murfin da faɗinsa daidai suke da na akwatin, ba gibi ko kaɗan. Nawa ya gaza da milimita 2, ana hango ciki, sai na sake yanka wani. Kalmar Helenanci da Ibraniyawa 9:5 ta kira wannan murfi da ita, ita ce Bulus ya ɗora wa Almasihu a Romawa 3:25. Na daɗe da sanin haka a ka, amma ranar da murfin ya zauna daram a kan akwatin, hawaye ne suka zo mini.

Alkuki kam, wato mazaunin fitilu, har yanzu bai yiwu ba. Nassi bai ba da tsayinsa ba, nauyi kawai ya faɗa, talanti 1 na zinariya tsantsa har da kayan aikinsa. Rassa 6, fitilu 7, ƙoƙuna masu siffar furen almon 3 a kowane reshe, 4 a jikin gindin, jimla 22. Don lanƙwasar rassan na dubi hoton sassaƙar da ke jikin ƙofar nasarar Titus a birnin Rum, inda sojoji ke ɗauke da alkukin da suka kwaso daga Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Ku lura, wancan na Haikali ne, ba na zamanin Musa ba, don haka siffa kawai na aro. Na liƙa rassan da dalma, biyu suka ɓalle da ɗana ya ɗaga shi. Wani dattijo maƙerin farfaru a unguwarmu ya juya shi a hannu ya ce, "Malama, abin da aka liƙa daban yake da abin da aka ƙera." Gaskiyarsa, kuma umarnin ma haka yake: ƙerarre, rassa da gindi duk jiki ɗaya. Ni a ganina nan ne maganar Yesu a Yohanna 15 ta kuringa da rassa take samun hoto mai kyau, ko da yake ba zan koya wa yara cewa ayar alkukin take nufi ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne Yohanna 8:12, hasken duniya, tunda Wuri Mai Tsarki, ɗakin da alkukin yake a ciki, ba shi da taga.

Gurasa 12 na yi su da ƙullun fulawa da gishiri, jeri biyu, shida shida. Ba wuya.

Wata yarinya a ajinmu ta leƙa cikin ƙaramar alfarwar ta ce, "Anti, ina kujerar firist?" Na duba jerin kayan tun daga Fitowa sura 25 har 30, ba a umarta a yi masa ko ɗaya ba. Lahadi mai zuwa da tambayarta zan buɗe Ibraniyawa 10:11-12, inda firistoci ke tsaye kullum suna hidima, Almasihu kuwa ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna.

Saura labule da daron tagulla. Zaren shuɗi da ja na samu, shunayya mai kyau ce ta yi wuya a kasuwarmu. Wanda ya taɓa rina farin zare ya fito shunayya ba tare da ya koɗe ba, don Allah ya koya mini. Ranar Asabar kuma zan koma maƙera da sandar farin ƙarfe ɗaya, mu gwada tsaga rassan daga jikinta.