Manomi bai san hekta ba, amma ya san daminsa

Makon jiya ƙanina da ke ajin ƙarshe ya kawo min takardar tambayoyin furojet ɗinsa, wato binciken kammala karatu, in duba masa. Idona na sauka kan tambaya ta huɗu, "Hekta nawa ce gonarka?", sai na ajiye takardar. Da wannan tambayar ni ma na fara ɓata nawa aikin shekarun baya. Na yi masa bayani a zaure har aka kira isha'i, daga baya na ga gara in rubuta saboda tsararrakinsa da ke jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da ta Dutsin-Ma, da Al-Qalam, da kwalejojinmu na Daura.

Aikina a kan noma da makamashi ne: abin da gidaje ke nomawa da abin da suke ƙonawa wajen girki, a ƙauyuka uku da ke wajen hanyar Kwangwalam. A ɗakin kwanan ɗalibai na tsara tambayoyin, da Turanci, rabi kuma kwasowa na yi daga wani aiki na wata ƙasa da na tsinta a intanet. Na buga kwafi 120, na hau babur ɗin yayana, ina jin kaina wani babban masani.

Dattijon farko da na tambaya hekta ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, ita hektar daga ina zuwa ina?" Ni kaina a allo kawai na san ta, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, ban taɓa taka ta da ƙafa ba. Ya ce gonarsa ta bayan gari dami sittin take ba shi in damina ta yi kyau. Takardata ba ta da gurbin dami, sai na yi kirdado na rubuta hekta biyu. Haka na yi wa kusan kowa. Sai daga baya na gane wautata. Manomin nan ya san yawan daminsa ba tare da kuskure ba, domin a kansa yake fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina. Lissafin da mutum zai tsaya da shi gaban Allah ba ya wasa da shi. Ya miƙo min adadi mafi inganci da yake da shi, ni kuwa na ture na rubuta ƙarya da ma'aunin Turawa.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In karɓi amsar a dami, in sayi dami uku ko huɗu a kowane ƙauye, a sussuke a gabana, a auna da tiya, in ɗora a sikeli. A kowane ƙauye na ce, don damin wannan gari ba shi ne na wancan ba, tiyar ma akwai mai tozo akwai shafaffiya. Buhun da ake cewa kilo 100 ne, mai tiya 40, ku auna shi ku gani. Faɗin gona kuwa yanzu wayar da ke aljihunku tana iya aunawa, ku kunna manhajar ku zagaye iyakar da ƙafa tare da mai gonar.

Akwai kuma abin da takardar ba ta hango ba gaba ɗaya. Ta ɗauka gona ɗaya shuka ɗaya. A ƙasar Daura kuwa gero ne da wake a kunya ɗaya, wani wurin da gyaɗa ko riɗi ko yakuwa a gefe. Kuma maigida in ka ce "gonarka", gandu zai lissafa maka. Gayaunar 'ya'yansa da 'yar gonar uwargida ba za su shigo ba sai ka tambaya da sunansu. Abin haushin, wannan ba sabon ilimi ba ne. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, nan bakin Katsina, a 1967, littafinta ya fito a 1972, ta yi dogon bayani a kan gandu da kuma cinikin da mata ke yi a cikin gida ba tare da sun je kasuwa ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru ma ta daɗe tana nazarin haɗa shuka a gona ɗaya. Ni ina can ina kwafo Amurka da Indiya a babi na biyu, babin bitar abin da wasu suka rubuta, ban leƙa abin da aka rubuta a kan ƙofar gidanmu ba.

Sashen makamashi ya fi ba ni kunya. Maza na bi ina tambaya nawa ake ƙona itace a gidansu. Yaushe rabon maigida da bakin murhu? Wani ya ce na ɗari biyu, wani ya ce Allah ne masani, ni kuwa ina ta cike gurbi. Wadda ta san amsar tana cikin gida, ni kuma ba na shiga. Da na ɗauki ƙanwata ko wata 'yar ajinmu, da ta zauna da su a tsakar gida ta ji cewa bayan kaka kara ake ƙonawa wata da watanni, da hunturu wuta ba ta mutuwa saboda ruwan zafi da jin ɗumi, mai suyar ƙuli-ƙuli kuma tana cin itacen gida uku ita kaɗai. Ni a mako ɗaya na bazara na yi komai na ce na auna shekara. Hanyar da masu bincike a kan murhu ke bi ita ce a auna itacen da sikelin rataye da safe, a dawo gobe a auna abin da ya rage, a maimaita kwana uku, a kuma sake a wani yanayin.

Wata rana a gurbin ilimi na yi wa wani mutum alamar "bai yi karatu ba", don ya ce bai shiga firamare ba. Muna tashi ɗan rakiyata ya raɗa min cewa alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka, bashin taki da ke tsakaninsa da mutane ma da ajami yake rubutawa. Ban gyara ba, saboda takardar ba ta da inda zan sa shi.

Shi ɗan rakiyar nan ma kuskure ne. Ɗan mai unguwa ne, a ƙofar gidansu nake zama, ana taruwa ana jin amsar kowa. Gari ya ɗauka sunayen tallafin taki nake rubutawa, sai gonaki suka yi ta girma, girbi yana ƙanƙancewa. Gaisuwa wurin mai gari wajibi ce, kada ku tsallake ta. Amma bayan nan ku bi mutum gonarsa ko zaurensa shi kaɗai, ku faɗa masa tun farko cewa ku ɗalibai ne, ba ku raba komai. Kuma kada ku je ranar Lahadi in kuna wajen Mai'aduwa, kowa yana kasuwa.

Saura wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ƙanin nawa. Kuɗin mai ya ƙare ina da takardu 87. Sauran 33 ɗin a gindin wata bishiyar darbejiya na cike su da kaina, ina sauya biro. SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, ba ta san mai gaskiya ba, ta fitar da tebura masu kyau, aka sa hannu. Da na je wurin malamina na ce, "Malam, 87 na samu," da ba abin da zai faru sai a rubuta 87.

Abin bincike bai ƙare ba a yankinmu. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, masu noman rani a madatsun ruwa na Jibiya da Zobe da Sabke ke lissafin injin ban-ruwa, wasu na komawa gas, wasu sola. Injinan lantarki na iska 37 na Lambar Rimi, masu megawat 10 a jimilla, kaɗai sun isa a yi digiri a kansu. Buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, gida nawa ne ke amfani da shi daidai, kuma me ke hana sauran? Kowace cikin waɗannan sai an zauna da mutane an ji ma'auninsu.

Bara na shiga ɗakin karatu neman wani abu daban, na ɗauko furojet ɗin wata ɗaliba a kan itacen girki. A babi na biyu na ga sunana, da shekarar, da adadin kilon itacen da na ce kowane gida na ƙonawa a rana. Ta kwatanta da nata, wanda ta auna da sikeli gida-gida, ta ga sun yi hannun riga, har ta ba da haƙuri a rubuce cewa wataƙila nata samfurin ne ya yi kaɗan.