Asabar, a filin Holyrood

Da ruwa gari ya waye a Edinburgh, babban birnin Scotland. Na so in fasa fita, amma katin hoton da na saya jiya a wani shagon tsofaffin littattafai ya hana ni sukuni. Hoto biyu ne iri ɗaya a jere kan kwali, irin wanda ake leƙawa ta gilashi a gan shi kamar a taɓa. Sojoji ne sahu-sahu a filin Holyrood, dutse a bayansu. Dattijon mai shagon ya ce na zamanin Sarauniya Biktoriya ne.

Wajen ƙarfe goma na isa. Na wuce fadar sarauta ta Holyrood, na tsaya a shimfiɗaɗɗen filin da ke bayanta, na fito da katin daga aljihu ina gwada shi da duwatsun. Babban dutsen da ake kira Arthur's Seat yana nan yadda yake, tsayinsa mita 251, hazo ya rufe kansa.

A nan ne, ranar 7 ga Agusta 1860, sojojin sa-kai fiye da dubu 20 suka yi fareti a gaban Sarauniya. A 1859 aka kafa rundunar, lokacin da Birtaniya ke fargabar Faransa za ta kawo mata hari. Suka sake taruwa ranar 25 ga Agusta 1881, kusan dubu 40, ruwa ya yi musu dukan tsiya, har yau da wannan ruwan ake tuna faretin.

Ni dai mai ɗaukar hoton ne ya tsaya mini a rai. A shekarun 1860 sai ya shafa wa farantin gilashi magani, ya tsoma shi a ruwan azurfa, ya ɗauka, ya wanke, duk kafin ya bushe, abin da bai wuce minti goma sha biyar ba. Dole ya zo da ɗan tantinsa mai duhu har bakin fili, da kwalabe, da ruwa. Ga jama'a na turereniya, ga iskar garin nan da ba ta raga wa kowa. Wallahi na jinjina masa.

Da na fake ƙarƙashin wata bishiya na ƙura wa katin ido sosai. Sahun da ke tsaye ya fito tsaf, har ana iya ƙirga kawuna. Waɗanda ke tafiya kuwa sun zama kamar hayaƙi. Akwai wani doki a gefe, ƙafafunsa huɗu a bayyane, kansa ya ɓace, da alama ya girgiza shi ne daidai lokacin da aka buɗe idon kyamara. Na daɗe ina kallon dokin nan.

Na ɗaga wayata na ɗauki filin daga inda nake zaton mutumin ya kafa kyamararsa. Yatsuna sun sandare don sanyi. Na nannaɗe katin a leda, na bi ta gefen tafkin St Margaret na koma gida, azahar ta kusa.