Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Motar da ke Tsaye a Bakin Titi

A makon da ya gabata na tsaya a inda maigidana ya miƙa mini makullin Fijo, bayan na shafe shekara huɗu ina yaron mota a ƙarƙashinsa. A shekarar 2003 aka yi haka, kuma ban manta ba saboda a farkon shekarar ne hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa direbobi ɗaura bel, abin da ya jawo gunaguni mai yawa a tasha, har wasu dattawa suna cewa za a ɗaure su kamar awaki. Ranar da zan ɗauki lodin farko daga Katsina zuwa Daura, maigidana ya dafa ƙofar motar ya ce da ni: "Yaro, motar da ke gudu kana ganinta, ita ma tana ganinka. Wadda ke tsaye a bakin titi ita za ka ji tsoro, domin ba ka san abin da ta ɓoye ba." Na ce masa to, Baba, amma gaskiyar magana ita ce hankalina yana kan yawan sawun da zan yi kafin magariba.

Tsakanin Katsina da Daura tafiyar kamar kilomita 80 ce, kuma mai son kuɗi yana iya yin sawu uku a yini idan fasinja sun samu. Wata biyar na yi ina wannan zirga-zirga lafiya lau, har na fara jin cewa hanyar ta zama tafin hannuna.

Ranar da abin ya faru lokacin hunturu ne, hazo ya sauko, kuma kasuwar Mashi tana ci. Duk direban da ya san hanyar ya san yadda titi yake tsukewa a irin wannan rana, da amalanke da babura da jakuna da masu talla, kowa yana neman inda zai ratsa. Na shigo gari allurar gudu tana kan 80, ina danna ham maimakon in ɗaga ƙafa daga totur. A hannun damana akwai wata babbar mota da aka tsayar ana ɗora mata buhunan hatsi, a ɗaya hannun kuma wata bas ta tsaya, wani fasinja ya leƙo ta taga yana kiran mai gyaɗa. Yarinyar da ya kira ba za ta wuce shekara tara ba. Ta fito a guje daga gaban babbar motar, hannunta ɗaya riƙe da faranti a ka, idonta yana kan mai kiranta. Na taka birki da iyakar ƙarfina, tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja, amma sai da gabanta ya ɗauke ta.

Har yau ina ganin farantin yana juyawa a kan kwalta, gyaɗa ta watse ko'ina, gammonta ya faɗa a kan gilashin gabana. Na fito ƙafafuna suna rawa, bakina ya kasa furta komai sai salati. Wani dattijo mai sayar da goro ya tsaya tsakanina da matasan da suka fara taruwa, ya ce a bar surutu a ɗauki yarinya. A motata muka kai ta asibiti, inda aka tabbatar mana cewa ta karye a cinya.

Mahaifinta ya iso bayan la'asar, ya dube ni ya ce: "Ɗana, abin da Allah Ya ƙaddara ba ya wuce ranarsa, na yafe maka." Na yi kuka a gabansa. Maigidana kuwa da ya zo daga Katsina bai yi mini faɗa a cikin mutane ba, sai da muka keɓe ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma ƙafar da ke kan totur tawa ce.

Daga baya ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Doka ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a sa'a a cikin gari. Mota mai gudun 80 tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda, mai gudun 50 kuwa kusan mita 14, kuma kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a kan birki daƙiƙar nan ta riga ta wuce. Da ina kan 50, ina da yaƙinin cewa da na tsaya kafin in kai gare ta. Ba na ɗora laifina a kan kowa, sai dai ina jin zafin ɗabi'ar fasinjan da yake zaune cikin mota ya kira ƙaramar yarinya daga tsallaken titi saboda gyaɗar naira goma, alhali ya fi ta sanin haɗarin da ke tsakaninsu. Tun daga lokacin, idan fasinjana zai sayi wani abu, ko dai ya saya a hannun da muka tsaya, ko ya sauka da kansa ya tsallaka.

Yarinyar ta yi wata biyu a kwance. Duk ranar da na bi ta Mashi nakan tsaya in gaishe su, kuma da ta fara takawa da sanda mahaifiyarta ta aiko mini da ƙullin gyaɗa, wanda na kasa ci. Ta warke, amma da ɗan ɗingishi. Maigidana ya karɓe makulli ya mayar da ni yaron mota na tsawon wata uku, kuma a cikin waɗannan watannin ne ya fara koya mini tuƙin dare a hanyar Kwangwalam, wanda shi ne labarin da zan kawo mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.